Rumbun Ilimi na Dijital: Yadda Malamin Kimiyya da Lissafi a Jos Zai Ɗebo Abin da Ajinsa Ke Buƙata

A shekarar 1999 wani Ba'amurke, Cliff Missen, ya zo koyarwa a Jami'ar Jos a ƙarƙashin shirin Fulbright, ya ga yadda rashin intanet mai ƙarfi ke tare wa malamai da ɗalibai hanyar karatu. Daga nan tunanin eGranary ya samo asali: a nemi izinin masu littattafai da shafuka, a kwafe su a faifan kwamfuta guda, a ajiye a makaranta, kowa ya karanta ko babu sabis. Sunan ma daga kalmar rumbu ta Turanci aka ɗauko shi, kuma ya dace. Uwargida ba ta ɗora tukunya a cikin rumbu. Mudun da za ta girka yau take ɗebowa, ta surfe, ta bakace, ta kai niƙa. Malamin da ya gane haka shi ke cin moriyar laburaren dijital. Wanda bai gane ba sai ya cika kwamfutarsa da fayiloli dubu, ranar Litinin kuma ya shiga aji da tsohon littafin rubutunsa na bara.

Fara daga jadawalinka

Kafin ka buɗe burauza, buɗe takardu uku. Na farko manhajar karatu ta hukumar NERDC, wadda hedikwatarta ke Sheda a Abuja, ka kuma tabbatar sabuwar ce a hannunka. Na biyu jadawalin darussan zango na makarantarku. Na uku tsarin jarrabawar WAEC, NECO da JAMB na fanninka. WAEC tana da shafin koyo a intanet inda take ajiye bayanan manyan masu duba takardu, fanni-fanni, shekara-shekara, tambaya bayan tambaya, tare da wuraren da ɗalibai suka yi tuntuɓe. Malamai da yawa ba su taɓa leƙa shi ba, alhali babu abin da ya kai shi nuna maka inda za ka kashe datarka.

Daga waɗannan ka fitar da batutuwa biyar ko shida a zango, waɗanda alli da allo ba sa iya bayyana su da kyau: abin da ke motsi, abin da ido ba ya gani, abin da ke da haɗari, ko abin da ɗakin gwajinku ba shi da kayansa. Tafiyar wuta a waya, lanƙwasar haske, ginin atam, rabuwar ƙwayar halitta, yadda giraf ke sauyawa idan an taɓa lamba ɗaya. Ga kowane batu rubuta jimla guda: me ɗalibi zai iya yi bayan darasin da bai iya ba kafinsa? Da wannan jimlar za ka shiga nema. Idan babu ita, bidiyo mai kyau zai ja ka zuwa wani mai kyau, awa biyu su wuce ba ka tsinci komai ba.

Wane rumbu ke da me

Ga gwajin kwaikwayo a kwamfuta, PhET ne kan gaba. Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel ta Fiziks a 2001, shi ya kafa shi a Jami'ar Colorado da ke Boulder a 2002. Kyauta ne, kuma sababbin gwaje-gwajensa kowanne fayil guda ne mai 'yan megabait kaɗan, ka sauke shi ka buɗe a burauza ba tare da intanet ba. Ka zaɓi masu alamar HTML5 kawai. Tsofaffin da aka gina kan Flash sun daina aiki tun ƙarshen 2020, na Java kuma suna ba da wahala.

Ga lissafi akwai GeoGebra, wanda Markus Hohenwarter ya fara a 2001 a Jami'ar Salzburg ta Ostiriya. Ana girka shi a kwamfuta ko waya ya yi aiki babu sabis, kuma yana da tarin ayyukan da malaman duniya suka ɗora. Cikinsu akwai masu kyau, akwai masu kuskure, don kowa ke iya ɗorawa.

Littattafan karatu kyauta: OpenStax na Jami'ar Rice a Amurka, tun 2012, masana ne ke rubuta su a kuma duba su. Yawancinsu na shekarar farko ta jami'a ne, don haka sun fi amfani ga malam da kansa da kuma zane-zanen da zai nuna. CK-12 ya fi kusa da matakin sakandare. Siyavula na Afirka ta Kudu yana da lissafi da kimiyya na aji 10 zuwa 12 da misalai da aka warware daki-daki. Khan Academy na da gajerun bidiyoyi da atisaye. TESSA, wanda Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta jagoranta tare da cibiyoyin Afirka har da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, ya fi mayar da hankali kan dabarar koyarwa da kayan da ke kusa da kai. A gida kuma akwai Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, da littattafan kwas na jami'ar NOUN da kowa ke iya saukewa.

Matakan aji kan rikita mutane: aji ɗaya na ƙaramar sakandare shi ne aji 7 a waɗannan shafuka, SS1 aji 10, SS3 aji 12. Amma batu ba ya bin aji ɗaya a ko'ina, don haka ka nema da sunan batun. Sa kalmomin cikin alamar zance idan kana son su fito a jere, ƙara filetype:pdf idan takarda kake so, ko site: da adireshin shafi don neman ya tsaya a rumbu guda.

Surfe: inda aikin malam yake

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Kusan duk abin da za ka ɗebo an rubuta shi ne don wani yaro a wata ƙasa, mai wata jarrabawa. Idan ka zuba shi a gaban ɗalibanka da dussarsa, zai iya jawo musu asarar maki.

A Kemistiri, babban tarko shi ne sunaye. Littafin waje zai ce sulfuric acid, takardar WAEC za ta ce tetraoxosulphate(VI) acid. Nitric acid shi ne trioxonitrate(V) acid, carbonate kuma trioxocarbonate(IV). Yaron da ya saba da na bidiyo kaɗai zai ga tambayar da ya san amsarta ya wuce ta. Rubuta sunayen biyu gefe da gefe a allo, tare da alamar sinadarin, duk lokacin da ka nuna abin waje. Haka girman mol ɗaya na iskar gas: a nan 22.4 dm³ ake amfani da shi, a zafin 273 K da matsin 760 mmHg, amma wasu sababbin littattafai suna ba da 22.7 saboda sun ɗauki matsin 100 kPa. Dukansu daidai ne a muhallinsu. Ka kuma gaya wa yara cewa lita da dm³ abu ɗaya ne, mililita da cm³ ma haka.

A Fiziks, misalan waje kan ɗauki g a matsayin 9.8, tambayoyinmu kuma galibi suna ba da 10, sai amsoshi su ɗan bambanta yaro ya zaci ya ɓata. Wasu littattafan Amurka suna sako ƙafa, mil, fam da ma'aunin Fahrenheit, ka mayar da su mita, kilogiram da Celsius kafin darasi. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne wutar gida. Amurka 120 V ce da 60 Hz, tamu 230 V da 50 Hz. Launin waya ma ya saɓa: a can baƙar waya ita ce mai wuta, a tsohon tsarinmu na ja da baƙi baƙar ita ce nutiral, a sabon tsarin kuma ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya nutiral, kore da rawaya ta ƙasa. Wannan ya wuce batun maki. Yaro na iya komawa gida ya buɗe soket da abin da ya gani a bidiyo. Kada ka nuna darasin haɗa wayar gida na wata ƙasa, ka kawo fulogi mai ƙafa uku ka kwance a gabansu.

Jos kanta tana da nata gyaran. Garin yana kan tsayin kusan mita 1,200, matsin iska a nan ya yi ƙasa da na bakin teku, wajen 88 kPa maimakon 101. Saboda haka ruwa yana tafasa a kusan 96°C. Littafi da bidiyo duk za su ce 100. Ɗalibi zai sa ma'aunin zafi ya ga 96, sai ya ce ma'aunin ya lalace, ko ya rubuta 100 don ya faranta wa malam. Wannan babbar dama ce. Bar su su auna, rukuni-rukuni, su ga duk sun samu kusan abu ɗaya, sannan ka tambaye su dalili. Yaron da ya gano da kansa cewa tsayin garinsu ne ya sauko da lambar ba zai manta dangantakar matsi da tafasa ba, kuma ya koyi cewa abin da ya auna da gaskiya shi ake rubutawa.

A lissafi: abin da muke kira trapezium Amurkawa na kiransa trapezoid, gradient su ce slope, BODMAS su ce PEMDAS. Littattafan Afirka ta Kudu suna sa waƙafi a inda muke sa ɗigo, wato 9,8 maimakon 9.8, suna kuma rubuta mazaunin ɗigo a giraf kamar (2; 3). Batutuwa irin su ma'aunin alƙibla, layukan taswirar duniya, tushen lambobi da zane da rula da kamfas ba su da ƙarfi a littattafan Amurka, ka nemi na Birtaniya ko na Afirka, ko ka dogara da littafin gida. Dala da rand ka mayar da su naira, ka kuma sa farashin da yara suka sani daga Taminus ko kasuwar Farin Gada.

A Bayoloji, musanya misalai. Itatuwa da dabbobin ƙasashen sanyi ba za su zo a teburin jarrabawa ba. Ƙadangare, kwaɗo, karfasa, kyankyaso, masara, wake da gyaɗa za su zo. Dankalin Turawa na Bokkos da Mangu ya isa misalin tsiron da ake shukawa ba da iri ba, tafkunan da haƙar kuza ta bari a Bukuru da Rayfield kuma darasi ne a kan yadda aikin ɗan Adam ke sauya muhalli.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai malam ya riƙe fanninsa, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kalli bidiyon daga farko har ƙarshe, ka warware kowane misali da biro, kafin yaro ko ɗaya ya gani.

Saukewa da ajiya

Doka ɗaya ce: kada darasinka ya rataya a kan sabis na wannan lokacin. Sauke komai kwana biyu kafin ranar, ka kashe data da Wi-Fi, ka buɗe ka gani ko yana aiki. Wasu shafukan suna kama da sun sauka, ashe hotunansu da lissafinsu suna can intanet.

Bidiyon minti 10 a ƙaramin inganci, 360p, kan ci megabait 30 zuwa 50. A 720p yakan haura 100. Don waya ƙaramin ya isa. Don majigi, inda za a karanta rubutu daga bencin baya, ɗauki 480p ko 720p. Manyan fayiloli a bar su sai dare, lokacin da kamfanonin waya ke sayar da data mai rahusa. Kuma kada malamai biyar su sauke abu ɗaya sau biyar: mutum ɗaya ya sauke da kuɗin sashe, saura su karɓa ta filash ko Xender. Idan ta WhatsApp za a tura, a tura a matsayin takarda, domin in aka tura a matsayin hoto ko bidiyo yana matse shi har ƙananan lambobi su dushe.

Ba fayil suna da zai gaya maka komai: SS2_Fiziks_Zango1_Mako4_Fendulum. Folda ta bi aji, sannan fanni, sannan zango. A ajiye takarda guda mai ɗauke da sunan fayil, inda aka samo shi, irin lasisinsa, da gyaran da yake buƙata, misali "g 9.8 ne a ciki" ko "fara daga minti 2:10". Wannan takardar ita ce gadon da malamin da zai gaje ka zai fi gode maka a kai.

Matsaloli biyu na filash da ke maimaituwa. Idan ka ga fayil ya ƙi kwafuwa alhali akwai fili, duba girmansa: filash mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabait 4. Kwashe abin da ke ciki, ka sake tsara shi zuwa exFAT. Na biyu, bairos ɗin da ake kwasowa a shagunan fotokwafi, wanda ke mayar da folda gajerun hanyoyi ya ɓoye na ainihi. Kada ka danna su. Wanke filash ɗin da manhajar kashe bairos, sannan a Windows ka buɗe cmd ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* idan E ne harafin filash ɗin, fayilolin za su dawo fili. Filash ɗin zuwa shago daban, na rumbu daban. Kwafi biyu kuma wajibi ne, ɗaya a makaranta ɗaya a hannun shugaban sashe.

Rumbun makaranta da ba ya buƙatar intanet

Makarantar da ke da kwamfuta ko ƙananan alluna goma zuwa ashirin za ta iya kafa nata rumbun da laftof guda da rawuta guda. Rawutar ba ta buƙatar layi ko data, aikinta haɗa na'urorin ɗakin ne kawai. Manhajar da ta fi dacewa ita ce Kolibri ta ƙungiyar Learning Equality, kyauta ce, kuma ana iya juya fuskarta zuwa Hausa.

Girka ta a laftof mai fili aƙalla gigabait 100. A buɗewar farko za ta nemi sunan makaranta da asusun babban mai kula, rubuta kalmar sirrin a ajiye a ofis, kada ta zauna a kan mutum ɗaya da za a iya yi wa canjin wurin aiki. Kai laftof ɗin inda intanet ke da ƙarfi, shiga sashen tashoshi, ka zaɓi shigowa da kaya. Akwai Khan Academy, PhET, CK-12 da sauransu. Kada ka ɗauki tasha gaba ɗaya, wasu gigabait gommai ne. Buɗe ta ka yi alama a kan batutuwan da ke jadawalinka. Bayan haka ana iya fitar da su a faifai a kai wa wata makaranta ba tare da ta kashe kobo ba.

A makaranta haɗa laftof da rawuta, da waya ya fi. Sashen bayanin na'ura zai nuna adireshi kamar 192.168.0.100:8080, shi ɗalibai za su rubuta a burauzarsu. Ƙirƙiri aji, sa sunayen yara, haɗa darasi da abubuwa uku ko huɗu, ka ƙara gajeren gwaji. Za ka ga wanda ya kalla da tambayar da ta fi kayar da su.

Idan na'urori suka ƙi shiga, dalilan ba su da yawa. Ko katangar tsaron Windows ta hana, sai a ba Kolibri izini a kuma nuna cewa netwok ɗin na gida ne. Ko rawuta ta sauya wa laftof adireshi bayan ɗaukewar wuta, maganinsa a kafe masa adireshi guda a saitin rawutar. Ko laftof ya yi barci da aka rufe murfinsa. Ko kuma waya ta lura Wi-Fi ɗin ba shi da intanet ta koma kan datarta a ɓoye, a kashe datar waya, a kuma amsa mata cewa ta ci gaba da zama a haɗe. Ƙaramar rawutar gida takan fara shaƙewa idan na'urori 15 zuwa 20 suka buɗe bidiyo lokaci guda. A nuna bidiyo sau ɗaya ga kowa a babban allo, a bar na'urori don atisaye.

Kiwix kuma yana ba da Wikipedia babu intanet, a fayiloli masu suna ZIM. Cikakkiyar ta Turanci mai hotuna ta kai wajen gigabait 100, amma akwai ɓangarorin lissafi, Fiziks da Kemistiri daban-daban masu sauƙi, akwai ta Hausa, akwai ma tarin PhET.

Wuta da allo

Yi lissafin kafin a sayi kaya. Batir mai 12 V da 100 Ah yana riƙe da 1,200 Wh, amma irin mai ruwa rabinsa kawai ya kamata a sha in ana son ya daɗe, inbata kuma ta ci nata, sai a tashi da wajen 500 Wh. Majigi mai fitila na jan kusan wat 250, da laftof 300, wato awa ɗaya da minti 40. Talabijin mai inci 43 da laftof da rawuta ba su wuce wat 130 ba, kusan awa huɗu. Ga aji mai yara 40 talabijin ya fi, ga hoto mai haske ko da rana tsaka. Ga aji mai 70 sai majigi mai lumen 3,000 ko fiye, a rufe tagogi biyu na kusa da allo. Je ka zauna a bencin ƙarshe ka karanta ƙaramin rubutun da kanka.

Majigi na son a bar fankarsa ta gama hura fitila kafin a zare shi, ɗaukewar wuta kwatsam tana rage wa fitilar kwana, don haka a sa shi a kan inbata ko UPS. Lokacin hunturu a kakkaɓe matatar ƙurarsa duk mako biyu, in ba haka ba zai yi zafi ya kashe kansa tsakiyar darasi. Da damina, tsawar Filato ba abin wasa ba ce: a zare komai daga bango kafin a tashi.

A cikin aji

Ɗauki darasin minti 80 kan dokar Ohm da gwajin Circuit Construction Kit na PhET. Kafin yara su shigo, sauya kibiyoyin su nuna tafiyar wuta ta al'ada, daga tabbatacce zuwa korarre, domin gwajin yana farawa ne da nuna tafiyar ilektiron, wadda ke akasin abin da za su zana a jarrabawa. Haɗa batir 9 V da rezisto 10 Ω da amita, za ta nuna 0.9 A. Nan ka tsaya. Tambaye su: in na ƙara wani 10 Ω a jere, me amita za ta nuna? Kowa ya rubuta amsarsa da dalili kafin ka taɓa komai, a ɗaga hannu a ƙirga. Sannan ka haɗa: 0.45 A. Yanzu a kafaɗa da juna fa? Da yawa za su ce wutar za ta ƙara raguwa tunda rezisto biyu ne. Amita ta nuna 1.8 A. Wannan mamakin shi ne darasin, kada ka yi saurin ba da bayani, bar su su yi gardama minti biyar. Idan ka tsallake matakin hasashe, yara za su kalli allo kamar talabijin ɗin gida, su ji daɗi, su fita yadda suka shigo.

Daga nan juya hoton zuwa zanen alamomi su kwafa, su cika jadawalin V da I na ƙima biyar, su zana giraf a takardar giraf da hannu. Idan akwai na'urori, yara huɗu ko biyar ga kowace: mai dannawa, mai karantawa, mai rubutawa, mai bayani, a riƙa juyawa duk minti 10. Ka sa ido a nan, domin in an bar su, yaro ɗaya mai waya a gida zai riƙe na'urar har a tashi, 'yan mata kuma su koma masu rubutu kawai.

A GeoGebra, rubuta y = ax² + bx + c, zai ba ka 'yan sanduna uku da ake ja hagu da dama. Suna zuwa da iyaka daga -5 zuwa 5, ka faɗaɗa ta c zuwa 10, ka sa takunta 0.25. Sa a = 1, b = -5, c = 6: layin ya yanka a 2 da 3, b² - 4ac ya ba da 1. Ja c zuwa 6.25, ya taɓa a wuri guda, 2.5, lissafin ya ba da sifili. Kai shi 7, ya tashi sama bai taɓa ba, lissafin ya ba da -3. Abin da ake haddacewa a layi uku ga shi yana motsi, gani ya kori ji. Amma a rufe kwamfutar a ƙarshe su zana guda da fensir, da ma'aunin 2 cm ga kowane ɗaya, don haka za a tambaye su.

Bidiyo kada ya wuce minti shida ba tsayawa. Turancin mai magana yakan yi wa yara sauri, a manhajar kallon bidiyo ta VLC rage gudun zuwa 0.75, ko ka kashe muryar ka yi bayanin da bakinka. Ajin Jos ya tara Birom, Afizere, Anaguta, Ngas, Hausawa, Fulani, Ibo da Yarbawa, kuma Hausa ce yawancinsu ke haɗuwa a kai. Ba laifi a warware ma'ana da ita, muddin kalmar fannin ta zauna da Turancin da za su gani a takarda. Tanadi kuma hotuna uku ko huɗu na allon a takarda, ko zane a kwali, saboda ranar da wuta za ta ƙi.

Abin da kwaikwayo ba zai yi ba

Lambobin kwamfuta sun cika tsabta. Ɗigo biyar za su hau layi ɗaya cif, abin da ba ya faruwa a teburin gwaji, inda batir ke da turjiyar ciki, waya ke ɗumi, ido ke karkacewa a kan allura. Fitilar gaske ma turjiyarta na ƙaruwa in ta yi zafi, girafinta ya lanƙwashe. Yaron da bai taɓa riƙe biyuret ba ba zai iya sakin ɗigo ɗaya-ɗaya ba, ba zai san cika fifet ɗin 25 cm³ zuwa alama ba, kuma ba zai samu karatu biyu da ke tsakanin 0.20 cm³ da juna ba. Saboda haka kwaikwayo ya zo kafin firatikal don shiri, ko bayansa don faɗaɗawa. A gwajin Pendulum Lab na PhET ka kai fendulum Wata ko Jufita su ga yadda lokacin lilo ke sauyawa. Sannan ka ba su zare, ƙaramin dutse da agogon waya: tsawon mita ɗaya, lilo 20, su samu kusan daƙiƙa 40. Shugaban makarantar da ya ce tunda an samu kwamfuta a bar sayen sinadarai, a nuna masa takardar firatikal ta bara.

Haƙƙin masu shi, da karatun malam kansa

Duba lasisi a ƙasan shafi ko bangon littafi. CC BY na nufin ka kwafa, ka gyara, ka raba, amma ka ambaci mai shi. NC na nufin ban da kasuwanci, wato kada a buga a sayar wa ɗalibai da riba. SA na nufin abin da ka gyara ya fita da irin lasisin. ND na nufin a raba yadda yake ba gyara. Shafukan da ke ba da littattafan sayarwa kyauta haƙƙin mutane suke ci, kuma ta nan bairos ya fi shigowa kwamfutar makaranta.

Malamin da ke ƙaro karatu a Jami'ar Jos, ko a makarantun horar da malamai na Pankshin ko Gindiri, ko mai shirya takarda don taron ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN, wadda ke nan tun 1957, rumbunansa daban ne. AJOL ya tara mujallun Afirka, DOAJ na nuna mujallun da ake karantawa kyauta, ERIC na binciken koyarwa ne zalla. A Google Scholar, in takarda ta nemi kuɗi, danna inda aka jera sauran kwafinta, sau da yawa marubucin ya ajiye ɗaya a rumbun jami'arsa. Research4Life kuma, wani rumbun mujallun bincike, ta hannun cibiya ake shigarsa, don haka ka je wurin ma'aikacin laburaren makarantar da kake karatu da katinka, ka tambayi yadda ake ba ɗalibai izinin shiga.